Lauyan Ƙwari

Ban taɓa cewa laifi ne a kai ƙwari kotu ba. Ko alade in ya ciji jariri ana gurfanar da shi gaban alƙali a ji ta bakin shaidu, balle abin da ya cinye gonakin inabin gari guda. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, duk faɗin ƙasar Savoy da lauyoyinta, aka rasa wanda za a ɗora wa kare su sai ƙanin mijina.

Sunana Perneta, matar Mermet. A Montarel aka haife ni, nan kuma za a binne ni. Fada, limamin cocinmu, ya ce shekarar ita ce ta dubu da ɗari huɗu da wani abu daga haihuwar Almasihu. Ni dai abin da na riƙe, ƙanƙara ta narke da wuri, inabi ya yi toho kamar abin arziki, sai ga su. Ƙanana ne, koraye masu sheƙi, da ɗan baki kamar allura. Su huda ganye, su naɗe shi kamar tabarma, su saka ƙwai a ciki, ganyen ya bushe ya faɗi. Muka tsince da hannu har yatsu suka yi tsami. Muka yi hayaƙi. Muka zaga gonaki ba takalmi, Fada a gaba da gicciye yana yayyafa ruwan tsarki. Ya ce mana bulalar Allah ce don wasu sun ɓoye ushirin coci, kowa ya juya yana kallon maƙwabcinsa. Aka fito da ushirin har da na bara. Ƙwarin ba su ji labari ba, suka ci gaba da harkar gabansu.

Daga nan mai gari Ansermet ya tara maza a ƙofar coci, aka yanke shawarar kai ƙara kotun bishop, a roƙi a tsine musu su bar mana ƙasa. Kotu ta aiko mai shela, ya tsaya a tsakiyar gonaki ya kira su da babbar murya su bayyana ranar kaza. Ba su zo ba. Alƙali ya ce ba a yanke wa kowa hukunci a bayan idonsa, tun da ƙanana ne kuma ba su da baki, sai a naɗa musu mai magana. Aka naɗa Rolet, ƙanin mijina.

Rolet ɗan hannun Mermet ne. Iyayensu sun rasu yana rarrafe, Mermet ya raine shi, da ya ga yaron ya fi son tambaya da fartanya ya kai shi birni karatu. Ya daɗe a can, ba ya zuwa gida sai bikin Kirsimeti, shi ma ba kowace shekara ba.

Mu kuwa duk abin da muka mallaka a duniya wani gangare ne a bayan gari. Shekarar da aka ɗaura mana aure dutse ne zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Mermet ya tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya yi katangu hawa-hawa, ya riƙa ɗauko ƙasa daga kwari a kwando a bayansa, ya jawo idon ruwa daga sama. Na haifi maza biyu yana wannan aiki, suka taso suka tarar da shi a kai. A shekarar ƙwarin ne inabin da ya dasa zai yi 'ya'yan kirki karo na farko. Kuma da yake wurin ya yi sama, ƙwarin ba su kai can ba. In ka tsaya a gari ka ɗaga kai, ko'ina ya yi ja ya ƙone, nan kaɗai ne kore.

Al'adarmu kuwa, wanda ya sare ƙasar gari shi ke ci, amma ba ta zama ta gidansa sai ya mutu ɗansa ya gaje shi a kai. Kafin nan ta gari ce. Kowa ya san wannan, ba wanda ya taɓa damuwa da shi.

Ranar da Rolet ya iso da doguwar baƙar rigarsa, na zuba masa miyar kabeji na yanka masa burodi da cuku.

"Sannu da zuwa, lauyan ƙwari," na ce. "Da me suke biyanka, da ganye?"

"Matar yaya, wannan bakin naki ko bishop ya tsine masa ba zai bar ƙasa ba."

"To ci a hankali, kada ka naɗe mini burodin ka saka ƙwai a ciki."

Mermet bai yi dariya ba. Ya jira sai da ƙaninsa ya ci rabin kwano sannan ya ce, "Kai, da gaske za ka tsaya ka kare abin da ya cinye garinku?"

"Yaya, an sa ni na rantse," in ji Rolet. "Kuma ko ba rantsuwa, ka duba mana. Wa ya fara zuwa duniyar nan, mu ko su? An shimfiɗa musu ganye tun Adamu yana turɓaya ba a cuɗa shi ba. In ka saki dutse ƙasa yake nema, wuta kuma sama take nema, ba wanda ya taɓa cewa sun yi zunubi. Kowane abu yana bin abin da aka sa masa. Ƙwaro ganye aka sa masa. Ba shi da hankalin da zai yi laifi da shi. In ka tsine masa don ya ci ganye, wa ka zaga?"

Mermet ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ni ban yi karatu ba. Abin da na sani, tun da ka rantse ka yi gaskiya. Kada a ce ƙanin Mermet ya ci amana, ko ta ƙwaro ce."

Ni ma a ranar na ji daɗin maganar, har na ƙara wa Rolet miya.

Shari'ar ta ja lokaci, maza suna zuwa birni suna dawo mana da labari. Lauyan gari ya ce an ɗora ɗan Adam a kan dukkan dabbobi, shi ne maigida. Rolet ya ce ya yarda, amma maigidan da ya hana bara abinci a gidan da ba shi ya gina ba, me sunansa? Suka yi ta yi da harshen coci, mutanenmu suna gyaɗa kai ba su ji komai ba. A ƙarshe alƙali ya ce ba za a kori halittar Allah ba sai an nuna mata inda za ta. Gari ya ware wa ƙwarin fili daga ƙasar gari, lauyansu ya je ya gani. In ya yarda, sannan a karanta musu tsinuwa in sun ƙi tashi.

Ansermet ba wawa ba ne. Ya zaɓi wani fako a gindin dutse, inda ba abin da ke fitowa sai ƙaya da tsakuwa. Duk gari muka bi su kallo, har da wakilin alƙali da magatakardansa. Rolet ya zaga wurin, ya tona ƙasa da sanda, ya girgiza kai.

"Wannan ba masauki ba ne, kabari ne," ya ce.

"Ranka ya daɗe lauya, ƙwari ne fa," in ji Ansermet. "Ba 'ya'yan sarki ba ne."

"Kai ma ba ɗan sarki ba ne, mai gari. Kawo kayanka nan ka yi mako guda, in ka yi ƙiba sai in sa hannu."

Ansermet mutum ne mai tumbi, aka fashe da dariya. Ni ce ma na fi kowa. Na ga wuyansa ya yi ja, amma sai ya yi murmushi.

"To faɗa mana irin wurin da zai dace da manyan baƙinka, magatakarda ya rubuta, kada mu sake kuskure."

Rolet ya ɗaga yatsa kamar yana gaban bishop. Ya ce wuri mai ruwa, mai samun rana, ƙasa mai laushi, kuma da irin ganyen da suka saba ci, don ba a tilasta wa halitta abin da ba nata ba. Magatakarda ya rubuta duka.

"Madalla," in ji Ansermet. "Ƙasar gari mai wannan siffa guda ɗaya ce."

Ya juya ya kalli gangarenmu. Dariyar ta mutu a bakina. Rolet ya bi idonsa, ya ce ai wancan na yayansa ne. Wani tsoho ya ce masa a hankali, "Yayanka yana raye, ɗana. Ta gari ce." Zaman birni ya mantar da shi abin da kowane makiyayin awaki ya sani. Garin neman gira aka rasa ido.

An sa ranar hawa duba wurin. Da safiyar ranar na tare Rolet a bayan rumbu yana wanke fuska.

"Rolet, ka ce iska ta yi yawa a can. Ka ce sanyi zai kashe su. Ka ce komai."

"Matar yaya, inabi ba ya yi inda sanyi ke kisa. Kowa zai gani."

"Su gani mana. Kai ne mai baki. Fakon nan ma wa ya aike ka? Da ka kau da kai ka ce ya yi, ƙwaro ne zai ɗaukaka ƙara?"

Ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Na ce masa yayansa ya goya shi a bayan da ya ɗauko ƙasar nan da shi. Ya ce ya sani. Na ce to ka tuna.

Muka hau. Mermet ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Ansermet yana haki yana nuna wa wakilin alƙali ruwa da katangu kamar shi ya yi su. Nonnan inabi sun fara nauyi a jikin rassa. Wakilin ya tambayi Rolet, bisa rantsuwarsa, ko wurin ya dace da waɗanda yake karewa.

Rolet ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, baƙa mai laushi, ya murza ta a tafinsa. Ya kalli yayansa. Mermet yana kallon takalminsa.

"Ya dace," in ji Rolet. "Ya dace. Ban taɓa ganin ƙasar da aka kula da ita haka ba."

A gida na yi ta zagi har muryata ta dushe. Mermet ya bar ni na gama, sannan ya ce da Rolet ya ce ƙasar ba ta da kyau, da bai yafe masa ba har ya mutu. Na ce ni da na yafe masa, har in dafa masa kaza. Ba mu sake maganar ba.

Hukunci ya fito. Gangaren ya zama na ƙwari da zuriyarsu, ba mai sa fartanya, ba mai sa wuƙa, sai dai a bi gefe zuwa idon ruwa. Su kuma su bar gonakin gari. Duk ranar da suka koma suka ci ganyen gari, alkawari ya warware, ƙasa ta dawo hannun mai ita na da. Aka kafa gicciyen katako a kusurwoyi, Fada ya karanta tsinuwa a kan duk ƙwaron da ya ƙi tashi, aka kaɗa ƙararrawa. Ba a jima ba sanyi ya fara shigowa, ƙwarin suka ɓace. Mutane suka ce sun yi biyayya. Na sha bi ta gefen gangaren ina leƙawa, ban taɓa ganin ko ɗaya a ciki ba. Da na faɗa wa Fada sai ya ce ƙwaro mai biyayya ba ya nuna kansa.

Inabin ya nuna a wannan kaka, ya yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka cinye muna kallo. Mermet ya koma ƙwadago a gonakin mutane, har da ta Ansermet, wanda bai taɓa iya haɗa ido da shi ba. Yaranmu da suka ga ba abin gado, ɗaya ya bi masu alfadarai ƙetaren dutse, ɗaya ya shiga sojan haya. Na farkon yakan aiko da gaisuwa. Na biyun ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Inabin da ba a sassabe shi ba haukacewa yake. Ya bi ƙasa, ya hau katangu, ƙaya ta shigo ta shaƙe shi. Wata shekara ruwa ya ture dutse ɗaya daga katangar ƙasa, Mermet yana wucewa ya sunkuya ya mayar, hannunsa ne ya yi ba shi ba. Aka gani, aka kai wa Fada. Aka hukunta Mermet ya tsaya ranar Lahadi a ƙofar coci riƙe da kyandir, dattijo da furfura, saboda ya taɓa dukiyar ƙwari. Daga ranar ya daina bi ta can.

Rolet ya koma kotu ba sau ɗaya ba. Amsar ɗaya ce: waɗanda kake karewa sun cika alkawari, da wane dalili za a ƙwace musu? Shi ya gina maganar da kyau, ya rasa ta inda zai rushe ta. Daga baya ya ajiye baƙar rigar, ya dawo Montarel yana yi wa Fada rubutu, yana kwana a ɗakin da ke jikin coci. Ya nemi Mermet ya bar ƙwadago shi ya ciyar da mu. Mermet ya ce bai kai shi karatu don ya zama almajirin ƙaninsa ba. Sukan ci abinci tare ranar Lahadi, su yi hirar yanayi da awaki. Ba su taɓa yin faɗa ba, kuma na so a ce sun yi.

Kowace shekara in inabi ya yi toho, sai a ga Rolet yana bin gonakin gari layi-layi yana juya ganye. Mutane suka ce mutumin kirki ne, yana gadin alkawari. Mata suna ba shi ƙwai da cuku. Ni kaɗai na san abin da yake nema. Mutumin da ya tsaya gaban bishop ya ce kowace halitta tana da haƙƙi, ya koma yana roƙon Allah a ɓoye ya turo wa garinsu bala'i, don yayansa ya sami ƙasarsa. Na tausaya masa, kuma na ji haushinsa, duka biyun ba su taɓa barina ba. Wani lokaci in na gan shi a sunkuye nakan ce, "Lauya, mutanenka ba su aiko ba?" Ya ce, "Shiru, matar yaya. Sun fi mu riƙon amana."

Ansermet ya mutu, Fada ya mutu aka kawo wani. Gadon bayan Mermet ya lanƙwashe, yatsunsa suka ƙage har ba ya iya riƙe cokali sai na sa masa. Yakan zauna a ƙofar gida inda rana ke bugawa, ya juya wa gangaren baya.

Wata hantsi ina tankaɗe sai na ji kukan mata daga gonakin ƙasa. Kafin in miƙe ga Rolet da gudu, tsoho da shi, hula ta faɗi bai tsaya ba. Ya zube gaban yayansa ya buɗe hannu. Ganye ne naɗaɗɗe kamar tabarma, da ɗan kore mai sheƙi a kai.

"Yaya, sun dawo. Sun cika gonar coci. Sun karya alkawari, yaya. Gobe zan tafi birni, ko shaida ba a buƙata. Ƙasar taka ce."

Fuskarsa tana dariya, garin kuwa ana kuka. Mermet ya daɗe yana kallon ƙwaron.

"Ku kai ni in gani," ya ce.

Muka riƙe shi, muna tafiya muna hutawa. Gicciyen katakon sun ruɓe tuni. Hanyar ta ɓace, Rolet yana gaba yana ture ƙaya da sanda. Da muka kai, ban gane wurin ba. Katangun sun zube, ruwan shekaru ya kwashe ƙasar ya mayar kwari inda aka ɗauko ta. Idon ruwan ya sake hanya. Dutse ne da ƙaya, da wasu 'yan kututtura baƙaƙe nan da can.

"Za mu gyara," in ji Rolet da sauri. "Ni zan ɗauko ƙasar. Kai dai ka zauna ka nuna mini. A aika wa yaron ya dawo."

Mermet ya saki hannuna. Ya sunkuya kan wani dutse da bai fi burodi girma ba, irin wanda a da yakan jefa da hannu ɗaya. Ya sa hannu biyu ya ja. Dutsen ya motsa kaɗan ya koma. Ya sake ja. Sai ya zauna a kansa yana mai da numfashi.

"Kada ka je birni, Rolet," ya ce. "Ka faɗa wa ƙwarin su riƙe abinsu. Sun fi ni lokaci."

Rolet ya tsaya da ganyen a hannunsa, hawaye suna bin gemunsa. Ya ce, "Yaya." Mermet ya miƙa masa hannu ya ce ya ɗaga shi, sanyi ya fara shiga ƙafarsa.

Muka sauko da shi a hankali, Rolet a dama ni a hagu. Bai waiwaya ba.